Ruwan tela daban, na banki daban

Jiya kaɗai ban san sau nawa na ji kalmar ruwa ba, kuma kusan kowane da abin da yake nufi. Na safe dai na gaske ne, kwana uku pampo ba ɗigo, Inna ta ce tashi ka nemo mana ɗan ga-ruwa tun rana ba ta yi ba. Daga nan na raka ƙanwata wajen tela a kasuwar Dole yana ta tambayarta Hajiya ruwan goro za a sa ko ruwan toka, shi a bakinsa ruwa launi ne, ita kuma ta tsaya ruwan ido har na gaji da tsayuwa. Da la'asar muka je duba maƙwabcinmu a asibiti, aka ce Alhamdulillahi da sauƙi an ƙara masa ruwa leda biyu.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne kuɗin ruwa. A gidanmu in an ce kuɗin ruwa to takardar ƙarshen wata ce ta zo, ko abin da za a ba ɗan ga-ruwa kan bido shida. Amma je ka banki ka faɗi haka, su abin da suke ɗorawa kan bashi ke nan, wanda malamai ke ce mana riba ce haramun. Kalma ɗaya fa! ɗaya ka biya yara su sha su yi wanka, ɗaya kuwa tsoho zai gwammace ya kwana da yunwa da ya taɓa ta.

Maƙeri ma ƙarfen wuƙar yake kira ruwanta, mai azumi kuma ko da dabino ya buɗe baki cewa zai yi ya sha ruwa.

Ni ina ganin mu ƴan Damagaram kalmar nan ta fi mana nauyi wallahi. Garinmu a kan dutse yake zaune, ka haƙa rijiya ka tarar da fa, shi ya sa daga Arunguza da Gogo da Ganaram ake jawo mana, kuma ƙarancin ruwan nan yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. To yaron da ya tashi yana bin layin bidona tun asuba, in ya ji an ce an yi abu cikin ruwan sanyi ai ya san daɗin da ake nufi.

Pampon ya kawo wajen ƙarfe biyu na dare, duk layinmu aka tashi ana ƙwanƙwasa wa juna ƙofa.