Abin da Tekun Ƙanƙara Ya Koya Mini Ina Zaune a Kano

Duk wanda ya karanta ilimin ƙananan halittu a Kano ya san cewa horonmu na farko ya ginu ne a kan raba halitta da maƙwabtanta. Ana ɗebo samfuri daga ruwan rijiya ko daga jikin majinyaci, a shafa shi a farantin gwaji, a ajiye a na'urar ɗumi mai digiri 37, wato zafin jikin ɗan Adam, washegari kuma a tsinci abin da ya tsiro a sake shukawa, har sai an sami nau'i ɗaya tilo. Wannan hanya ita ce ke gano mana taifot da kwalara, kuma rayukan da ta ceta ba su ƙirguwa. Sai dai tana bar wa ɗalibi wata ɗabi'a ta tunani, ya riƙa ganin cewa ba a san halitta ba sai an keɓe ta ita kaɗai. Abin da ya sauya mini wannan tunani shi ne nazarin da malaminmu ya ɗora mana a karatun digiri na biyu, a kan alaƙar bakteriya da fitofilankton a tekunan Antaktika da Aktik, wato ƙarshen kudu da ƙarshen arewa na duniya. Wani daga cikinmu ya ce, “Malam, mu da ko gaɓar teku ba mu da ita, me zai kai mu ƙasar ƙanƙara?” Malam ya amsa da cewa a wurin da rayuwa ta yi tsanani ne ake ganin abin da kowace halitta ba za ta iya rayuwa ba tare da shi ba.

Fitofilankton ƙananan tsirrai ne masu yawo a saman ruwa, dangin gansakukar da ke rina kududdufanmu kore, kuma duk da ƙanƙantarsu su ne ke samar da kusan rabin iskar oksijin da tsirran duniya ke fitarwa. A tekunan sanyi, waɗanda suka fi yawa su ne dayatom masu ɓawon silika, da kuma wani nau'i mai suna Phaeocystis da ke mamaye Tekun Ross na Antaktika idan rana ta dawo bayan dogon duhun hunturu. Ruwan da suke ciki yana daskarewa ne a wajen digiri 1.8 ƙasa da sifili saboda gishirinsa, kuma ko a cikin ƙanƙarar kanta akwai 'yan siraran hanyoyi na ruwan gishiri mai kauri inda dayatom da bakteriya ke zaune tare. Wasu daga cikin bakteriyar, irin su Colwellia psychrerythraea, na'urar ɗuminmu ba za ta tsirar da su ba, kashe su za ta yi.

Tsiron fitofilankton idan ya sami haske yana haɗa abinci, amma wani kaso na abincin yana tsiyaya daga jikinsa zuwa ruwan da ke kewaye da shi, kuma a nan bakteriya ke taruwa suna ci. Su kuma idan sun narkar da abin da suka ci, da gawarwakin tsirran da suka mutu, sai su mayar wa ruwa sinadaran da tsiron ke bukata domin ya sake girma. Masanin halittun teku Lawrence Pomeroy ya ja hankali ga wannan a 1974, sannan a 1983 Farooq Azam da abokan aikinsa suka bayyana yadda abincin da ake zaton ya salwanta a ruwa yake komawa cikin jerin masu ci da waɗanda ake ci ta hanyar bakteriya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar bitamin B12. A 2005 masu bincike a Jami'ar Kambirij suka duba nau'o'in gansakuka 326, suka tarar 171 daga cikinsu ba sa rayuwa sai an ba su wannan bitamin daga waje, kuma babu mai iya haɗa shi sai wasu bakteriya da 'yan uwansu akiya, wasu ƙananan halittu masu kama da bakteriya. Harkar ta zama ta ba ni gishiri in ba ka manda: tsiro yana ba da abinci, bakteriya tana ba da bitamin. Saboda haka mai gwajin da ya wanke dayatom tas daga duk wata bakteriya domin ya nazarce shi shi kaɗai, ya raba shi da abin da ke riƙe da rayuwarsa, kuma abin da zai gani a kwalbarsa ba shi ne ke faruwa a teku ba.

Darasin da ya fi yi mini nauyi ya zo ne ta wata muhawara da aka daɗe ana yi. An lura cewa a ruwan sanyi, idan tsirrai suka bunƙasa a farkon bazara, bakteriya ba sa biyo su da saurin da ake gani a tekuna masu ɗumi. A 1986 Pomeroy da Don Deibel, bayan aikin da suka yi a gaɓar Niyufanlan ta ƙasar Kanada, suka ce sanyi ne ke danne bakteriya fiye da yadda yake danne tsirrai. Bayanin yana da saurin shiga kai, domin sanyi shi ne abin da ido ke fara gani a irin wannan wuri. Amma da aka ci gaba da aune-aune, musamman nazarin da David Kirchman da abokansa suka fitar a 2009, sai ta bayyana cewa ƙarancin narkakken abinci a cikin ruwa yana da hannu babba, kuma bakteriyar da suka saba da sanyi suna iya yin aiki sosai idan sun sami abin ci. Ban ɗauki wannan a matsayin faɗuwar masu ra'ayin farko ba, domin su ne suka yi tambayar da ta sa aka je aka auna. Abin da na ɗauka shi ne cewa dalilin da ya fi fitowa fili ba lallai ne shi ke riƙe da al'amari ba, kuma sau da yawa amsar tana wajen maƙwabcin da ba a duba ba.

Maganar sinadarin ƙarfe ta ƙara tabbatar mini da haka, kuma ita ce ta haɗa karatun da garinmu. Tekun Kudu da ke kewaye da Antaktika yana cike da naitiret da fosfet, irin abin da manomi ke saye a buhun taki, amma tsirransa ba su kai yawan da ya kamata ba. Masanin teku John Martin ya yi bayani a ƙarshen shekarun 1980 cewa ƙarfe ne ya yi ƙaranci, kuma gwaje-gwajen da aka yi na zuba shi a teku, kamar na 1999 a kudu da Ostireliya, sun nuna ruwan yana yin kore cikin kwanaki. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da ƙarfe ke isa tsakiyar teku ita ce ƙurar hamada. Hazon da ke rufe Kano daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda wani kaso mai yawa nasa ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, yana wucewa har Tekun Atilantika ɗauke da ƙarfe, alhali Tekun Kudu ya yi nisa da manyan hamadu, abin da ke kai masa kaɗan ne. A irin wannan ƙunci, bakteriya da tsirrai ba abokan ciniki kaɗai ba ne, kishiyoyi ne kuma, domin dukansu suna neman ƙarfen, kuma wasu bakteriya suna fitar da sinadarai na musamman da ke kama shi. A 2007 Erin Bertrand da abokan aikinta suka ruwaito cewa a wasu gwaje-gwajen da suka yi da ruwan Tekun Ross, ƙara ƙarfe tare da bitamin B12 ya sa tsirrai sun fi bunƙasa a kan ƙara ƙarfe shi kaɗai. Ke nan ko an warware matsala ɗaya, akwai wata a bayanta da ta rataya a wuyan bakteriya.

Wannan alaƙa tana taɓa yanayin duniya baki ɗaya. Idan tsirrai suka mutu suka nutse zuwa ƙasan teku, suna tafiya da kabon da suka janye daga iska, idan kuwa bakteriya suka riga suka cinye su a sama, kabon ɗin iska yake komawa. Ƙanƙarar Aktik ta lokacin zafi tana raguwa tun da aka fara auna ta da tauraron ɗan Adam a 1979, kuma duk sauyin da ya sami wannan ciniki zai shafi yawan kabon da teku ke ɓoyewa.

A aikina na yanzu ina yawan karɓar ruwan tafkunan masu kiwon tarwada daga unguwannin bayan gari. Mai tafki yakan zo da tabbacin cewa wata cuta ce ta kashe masa kifi, yana so a gaya masa sunanta da maganinta. Kafin in shafa komai a faranti, nakan tambaye shi launin ruwan a kwanakin baya, da yawan abincin da yake zubawa, da lokacin da kifin suka fara tasowa sama suna haki. Sau da yawa labarin ɗaya ne: ruwan ya yi kore shar, sannan gansakukar ta mutu gaba ɗaya, bakteriya suka far mata suna ci suna shanye oksijin cikin dare, lokacin da babu hasken da zai sa a mayar da shi. Shi ya sa nake roƙon masu tafki su bari a auna oksijin ruwansu da asuba kafin fitowar rana, su rage abinci, su sauya wani kaso na ruwan, kafin su kashe kuɗi a kan maganin da za su zuba.