Na ce mata an gama

Wata uku na yi a wani reshen banki da ke bakin kasuwa a Kano, daga farkon Fabrairu zuwa ƙarshen Afrilun 2024. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na wata takwas a 2022 ya riga ya birkita mana kalandar karatu, shi ya sa dogon hutunmu ya faɗo a wannan tsakanin, daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara. Ina aji uku a jami'a, ina karanta tattalin arziki. Kawuna ne ya nema mini gurbin koyon aikin. Mahaifina sai da ya kwana biyu yana jinjina maganar saboda kuɗin ruwa. Ya so a ce Jaiz ne, wanda tun 2012 yake aiki ba ruwa, amma inda aka samu ke nan, daga baya ya sa mini albarka.

Aka ajiye ni a teburin sauraron kwastomomi, ƙarƙashin wata mata da kowa ke kira Madam. Na zo a lokacin da reshen ke cikin tashin hankali. Tun watan Disamba Babban Bankin Najeriya ya fitar da umarni cewa duk asusun da ba a haɗa shi da BVN (lambar tantance mai asusun banki) ko NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) ba, daga 1 ga Maris za a kulle shi. Saboda haka tun kafin a buɗe ƙofa rumfar waje ta cika maƙil, mai gadi yana raba lamba, mutane suna ta zuwa daga ƙauyukan da ke kewaye da birni, da yawansu ba su iya rubutun boko ba. A doka ɗalibi ba ya cika wa kwastoma fom. Amma a ranata ta uku Madam ta turo mini tarin fom da biro biyu ta ce, "Ke, 'yar makaranta, duk wanda bai iya rubutu ba ki cika masa, ya dangwala yatsa, ki kawo in sa hannu." Na ji daɗi ƙwarai, domin gani nake an yarda da ni.

Wata tsohuwa ta zo a makon ƙarshe na Fabrairu, wajen ƙarfe biyu na rana. Ta zauna a gabana, ta kwance gefen zanenta, ta fito da wata leda, cikin ledar akwai katin zaɓe da wani guntun kwali da aka yanko daga kwalin sukari. A jikin kwalin jikanta ya rubuta mata lambobi uku: na asusu, na BVN, da na wayarsa, don ita ba ta da waya. Da na duba sai na ga sunan bai zo ɗaya ba. A asusun sunan mijinta ne a bayan nata, a BVN da katin zaɓe kuwa sunan mahaifinta ne. Duk wanda ya zauna a wannan tebur a Arewa ya san wannan matsala: Muhammad a nan, Mohammed a can, Hauwa da Hauwa'u, da rabin gari da aka rubuta musu ranar haihuwa 1 ga Janairu. Na tashi na nuna wa Madam. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Rubuta kawai. In da matsala za su kira ta." Na rubuta, tsohuwa ta dangwala yatsa, Madam ta buga hatimi ta sa hannu.

Tana mayar da ledarta ta dube ni ta ce, "'Yar nan, an gama ke nan?"

Na ce, "An gama, Inna. Ki je gida, Allah ya kiyaye hanya."

Ta yi ta sa mini albarka har ta kai bakin ƙofa.

Kwana huɗu bayan haka hedikwata ta dawo da jerin fom ɗin da ba ta karɓa ba, nata na ciki. Aka ba ni jerin in kira mutanen ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan nata, wayar ta ƙi shiga. Na sake bugawa, ta ƙi. Sai na sa yatsa na ƙirga lambobin da na rubuta da hannuna: goma ne. Lambar waya sha ɗaya ce. Inda jikanta ya jera sifili uku, ni biyu na kwafa. Na san yadda aka yi: lambar asusu goma ce, tun safe ita nake ta rubutawa, ido ya saba da tsawonta, ya ga goma ya gamsu.

Wannan kuskure kowa zai iya yi, kuma da a nan abin ya tsaya da tuni na yafe wa kaina. Abin da har yau yake cina shi ne abin da na yi bayan na ƙirga. Na duba dama, na duba hagu, na rubuta "ba a same ta ba" a gefen sunanta, na wuce na gaba. Sunan ƙauyensu yana nan a fom ɗin, har da kwatancen gidan, kusa da masallacin Juma'a. Muna da mutane a reshen da ke zuwa kasuwar yankin neman sababbin kwastomomi, ana iya ba su saƙo. Direbobin tashar ƙauyen ma ba su da nisa da mu. Duk na san wannan. Tsoro ne ya hana ni, tsoron in tsaya a gaban Madam in ce ni na yi. Na ce wa zuciyata ai za ta dawo da kanta in ta ga shiru. To, shirun me za ta gani, bayan ni da bakina na ce mata an gama?

Ta dawo a mako na biyu na azumi, ita da jikan, yaro ɗan shekara kamar sha biyar. Tun bayan sallar asuba suka baro gida, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin motar ƙauyensu ya ninka har da ɗoriya. Ba su samu shigowa ba sai bayan azahar, leɓunanta duk sun bushe. Naira dubu ɗari da ashirin ke cikin asusun, kuɗin adashinta da na akuya biyu da ta sayar, ta ajiye don aikin da za a yi wa mijinta a asibiti. An sa musu rana. Sun je wurin mai POS sau uku, yana ce musu katin ya ƙi, su kuma suna zaton matsalar sabis ce, har ranar aikin ta zo ta wuce.

Da yaron ya fara ɗaga murya, manaja ya kira mu ofishinsa. Madam ta juya harshe zuwa Turanci don kada tsohuwar ta ji. Ta ce ita ba ta san wanda ya ba ɗaliba izinin cika wa kwastoma fom ba, kuma ta sha gargaɗina a kan shisshigi. Fom ɗin yana shimfiɗe a kan teburin manaja, hatiminta da sa hannunta suna ƙasansa ɓaro-ɓaro. Na ga idonsa ya sauka a kansu, ya ɗan tsaya, sannan ya ɗago ya dube ni ya ce daga yau kada in sake taɓa takardar kwastoma. Na buɗe baki, maganar ta ƙi fitowa. Me zan ce? Lambar da ba ta cika ba rubutuna ne, "ba a same ta ba" ma rubutuna ne. Wanda ya ɓoye nasa laifin ba shi da bakin tona na wani.

Daga baya na gane lissafin. Ita ma'aikaciyar dindindin ce, takardar tuhuma za ta shiga fayil ɗinta ta taɓa mata ƙarin girma. Ni kuwa saura mako shida in tafi, ba ni da fayil. In jifa ya wuce kanka, ya faɗa kan kowa. Na gane, amma ganewar ba ta sa na ga dacewar abin ba, kuma har yanzu ban gani ba. Ita ce ta ba ni biro, ita ce na nuna wa bambancin sunan ta ce in rubuta. Da a gaban manaja ta ce mu biyu muka yi, da na ɗauki rabona da hannu biyu. Washegari ta gaishe ni kamar ba abin da ya faru, har ta aike ni sayo mata katin waya.

Wanda ya fitar da mu wani bawan Allah ne da ke teburin rajistar BVN, shekararsa bakwai a reshen yana ma'aikacin kwantiragi, mu dai Malam muke ce masa. Ya ja ni gefe ya ce, "Ƙanwata, kuka ba zai buɗe asusu ba." Ya nuna mini cewa tun da katin zaɓe da BVN sun zo ɗaya, sunan asusun ne za a gyara: takardar rantsuwa daga kotu, hoton fasfo biyu, sabon fom. Abin da ya kamata a gaya mata tun ranar farko ke nan, cikin minti biyu. Shi ya cika sabon fom ɗin, ya karanta wa yaron lambar wayar da ƙarfi, yaron ya maimaita, sannan ya buga ta a wayarsa har sai da ta yi ƙara a aljihun yaron.

Na bi su waje. A ƙarƙashin rumfa na durƙusa na ce, "Inna, ni ce na yi kuskuren lambar. Kuma na gani tun tuni, na yi shiru. Ki yafe mini." Ta daɗe tana kallona. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "'Yar nan, da kin ce mini da saura, ai da na dawo." Daga nan ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta dafa kafaɗar jikanta ta miƙe.

Da na koma gida ranar ko ruwan buɗa-baki da ƙyar na haɗiye. Na gaya wa mahaifiyata komai. Ta ce in ɗauki kuɗin motar da za su kashe a kaina, kuma haka aka yi: zuwa biyu da suka ƙara yi, daga alawus ɗina na biya, ta hannun yaron, don na san ita ba za ta karɓa ba. Kullum da safe kafin in zauna sai na leƙa wurin Malam in ji ko hedikwata ta amsa. Kwana takwas na aiki aka ɗauka. Aikin maigidan kuwa sai bayan ƙaramar salla aka sake ba su rana.

Ranar da aka buɗe asusun ta zo da kanta. Ta ce a ba ta kuɗinta duka. Kashiya ta ce ta bar ko dubu ɗaya a ciki, ta ce a'a. Ta tsaya a gefe ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, tana lasar yatsa, ta naɗe su a leda, ta ƙulle a gefen zane, ta ajiye katin cirar kuɗin a kan kanta ta fita.

A aji mun sha tattauna dalilin da ya sa Arewa ta fi kowane yanki yawan mutanen da ba su da asusun banki, kuma ni ma ina cikin masu saurin cewa rashin ilimi ne. Na daina faɗar haka. Matar nan ta san abin da take yi sarai. Ta ga farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da mutane suka kwana a layin na'urar cirar kuɗi suna neman haƙƙinsu, amma duk da haka ta bar kuɗinta a banki. Da aka ce a zo a haɗa BVN, ta biya mota ta zo kafin wa'adi ya cika. Duk abin da aka nema daga gare ta ta yi. Mu ne muka kore ta, ni da Madam, da layin da ba ya ƙarewa, da tsarin da ke mayar da fom ba tare da ya damu ko labari ya isa ga mai shi ba.

Sauran makonnin a ɗakin ajiyar fayil na ƙare su, ina jera takardu. Na koyi wasu abubuwa a can ma, waɗanda zan gaya wa duk ƙanen da zai je irin wannan aiki. Kada ka yi aiki da lambar sirrin wani, ko da shi ya ba ka, don ranar da abu ya ɓaci ba zai tuna ya ba ka ba. In babba ya sa ka abin da ya saɓa doka, ka nemi ya faɗa a gaban wani. Ka girmama 'yan kwantiragi da masu gadi, su suka fi kowa sanin reshen. Kuma ka riƙe ɗan littafi kana rubuta abin da aka sa ka, da rana, da wanda ya sa ka. Ni sai bayan da abin ya faru na fara, ya zama ihu bayan hari.

Ranar ƙarshe Malam ya raka ni har bakin titi, ya ce in na gama karatu ina son aikin banki in nema, zan iya. Ina son aikin, kuma zan nema, a wannan teburin dai da ake zama da masu dangwala yatsa.

Takardar da zan kai makaranta Madam ce ta cika ta. Ta ba ni maki mai kyau a zuwa kan lokaci da ladabi. A wurin ƙarin bayani ta rubuta cewa ina buƙatar ƙara kula da bin ƙa'ida. A cikin adaidaita na buɗe na karanta, na daɗe ina kallon ƙasan takardar. Hatimin nan ne dai, da sa hannun nan, mai doguwar jela a ƙarshe, irin wanda ke ƙasan fom ɗin Inna.