Talata: maganar sabuwar masana'anta

Bayan la'asar Kawu ya kira ni kan masana'antar nan da za ta riƙa ƙera sassan firji da na injin wanki. Ya ji an ce za a ɗebi ma'aikata, yana so in yi wa Auta hanya. Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, adadin da ake sanarwa galibi har da magina da leburori, su kuwa ran da aka gama gini aikinsu ya ƙare." Ya yi shiru, muka yi sallama. Shirun nan ya tsaya mini a rai.

A irin wannan masana'anta, injin da ke narka roba ya tura ta cikin mazubin ƙarfe ba ya cin hannu da yawa. Cikin minti guda ko ƙasa da haka ya fitar da abu, kuma mutum ɗaya yana iya kula da injuna biyu ko uku. Wanda ake nema ruwa a jallo shi ne mai ɗaura mazubi ya saita zafi da matsi. Ƙwayoyin ABS, wata irin roba mai tauri, sai an busar da su awa 2 zuwa 4 a zafin kusan digiri 80 a ma'aunin Celsius, in ba haka ba danshi ya bar zane-zane fari a jikin kayan. Matsi ya yi kaɗan, roba ba ta cika mazubi ba. Ya yi yawa, ta tsiyayo ta gefe. Aka fitar da wuri, abu ya lanƙwashe. Mai gane waɗannan da ido ba a sallamarsa da wasa.

Inda ake ɗaukar jama'a sosai shi ne sashen haɗa wayoyin lantarki: a yanka, a fere baki, a matse kan ƙarfe, a ja a ga ko zai zare, sannan a gwada ko wuta na bi. Har yau yawancinsa aikin hannu ne. Sai masu duba inganci, da masu gyaran lantarki. Da Auta zai koyi awo da milimita da karanta zanen wayoyi, da ya fi masa takardar alfarma.

 

Wuta ce ke ba ni tsoro. In ta ɗauke ana tsakiyar aiki, roba ta daskare a cikin bututun inji, sai an sake ɗumama shi an wanko ta, kayan da ke ciki sun tafi asara. In abin ya yawaita, aikin dare ake fara rufewa, kuma 'yan wucin gadi ake fara cewa su zauna a gida.