Hunturu, sikila da fentin ruwa

Talata, tsakiyar Disamba, Tudun Wada.

Hunturu ya sauko da ƙarfinsa. Tun kafin kiran assalatu gwiwata ta hagu ta fara nuƙurƙusa, irin ciwon da duk mai sikila ya sani: bai kai a tafi asibiti ba, bai kuma bari a manta da shi ba. Umma ta ɗumama mini ruwan alwala, tana cewa, "Sa safa, kar ki taka simintin nan." Na sha magungunan safe, na bi da ruwa mai yawa. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki su ne abokan gabarmu a wannan lokaci. Jijiyoyi su tsuke, ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe kamar lauje su cushe a ciki, sai ciwo ya tashi.

Bayan salla ban koma barci ba. Na jingina da bango, robar ruwan zafi a kan gwiwa, carbi a hannu. In ja numfashi a hankali har ciki ya cika, in sake shi da tasbihi guda, in ja ɗan carbi ɗaya. Na daɗe da lura cewa ciwo ba ya zuwa shi kaɗai, yana tahowa da tsoro: za a kwantar da ni? Za a nemi jini? Ina kuɗi? Kafin in ankara haƙora sun cije, kafaɗu sun ɗaure, numfashi ya gajarce. Zikirin bai taɓa cire mini ciwo ba, amma yana raba shi da tsoron, kuma ciwon da ba tsoro a cikinsa ina iya ɗaukarsa.

Da hantsi na ɗauko kayan zane. Na zaɓi fentin ruwa ne saboda bai da nauyi, bai da warin da ke tayar da zuciya, kuma a kan faranti a gado ma ana yinsa. Yau kogin Kaduna na so in zana, yadda nake ganinsa daga lambun Gamji idan hazo ya rufe ɗaya gaɓar. Sai an jiƙa takarda tukuna, sannan a ɗiga launi a bar shi ya bi ruwa. To iskar hunturu ba ta jira. Kafin in haɗa ruwan ƙasa da shuɗi takardar ta bushe, dole in sake jiƙawa, in yi sauri. Ana farawa da launi mai haske a ƙare da mai duhu, farin kuma takardar ce kanta, wurin da ka bari ba ka taɓa ba. Wannan lissafin yana cinye hankali gaba ɗaya. Har aka kira azahar gwiwar tana nan tana abinta, amma ba ita nake saurare ba.

Abin da ke ƙara mini son fentin nan shi ne ƙaro. Shi ke riƙe launi a jikin takarda, kuma shi ne dai ƙaron da malamanmu na allo ke zubawa a tawada. Daga bishiyar dakwara ake samunsa, a Borno da Yobe da Jigawa, a fita da shi Turai, ya dawo mana cikin ɗan akwati da tsada.

Da la'asar Goggo ta zo dubiya da ƙullin sassaƙe, wai wata ta sha ta rabu da ciwon har abada. Ta ga takardu a baje ta ce, "Ke da ya kamata ki kwanta, sai wasan yara?" Na ce, "Goggo, wannan ma hutu ne. Bishiya da kogi kawai nake zanawa." Na karɓi ƙullin na yi godiya, amma ba zan sha ba. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kwana 120, tawa kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu, kuma gadonsa na yi. Ba sassaƙen da ke canza wannan, burushi da carbi ma ba sa canzawa. Da ta kawo zancen auren autanta sai na roƙe ta da girman Allah su yi gwajin jini kafin a sa rana. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, kuma auren AS da AS, wato masu ɗauke da ƙwayar gadon sikila ba tare da ciwon ba, shi ne mafarin yawancinsu. Ta yi shiru, sannan ta ce za ta yi wa babansa magana.

Bayan magariba ciwon ya hau zuwa ƙugu, na sha maganin da likita ya rubuta. Gobe ranar asibiti ce, za a duba yawan jinina. Yaya ya ce zai kai ni kafin ya wuce aiki, in dai na shirya da wuri.