Laraba, 15 ga Janairu: ni da Kawu a filin jirgi

Hazon yau ya fi na jiya. Yaya ya ce jirginsu zai taso daga Legas da hantsi, don haka na nemi uzuri a makaranta, na bar wa 'yan aji biyar aikin da za su yi, na biya Fagge na ɗauki Kawu, tunda ya rantse sai da shi za a tarbo "babban ɗansa". Na tarar ya riga ya shirya, ya sa tsohuwar rigar sanyinsa ta soja a ƙarƙashin babbar riga, rediyo manne a kunne yana jiran a fara faretin Abuja. Yau ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Shi Kawu ranarsa ce ta kowace fuska, domin ya yi yaƙin basasa, wanda ƙarewarsa a 1970 ce ta sa aka tsayar da wannan rana, mahaifinsa kuma, kakanmu na wajen uwa, ya yi yaƙin Bama, wato Myanmar ta yau, a Yaƙin Duniya na Biyu.

Muna isa aka ce jirgin bai ma taso ba, matuƙa ba za su iya ganin titin sauka ba. Na fara tsaki. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai malam, zauna. Da duk na'urorin nan ana tsoron hazo, su waɗanda suka riƙa sauka a nan lokacin yaƙin Hitila da me suka sauka?" Daga nan hira ta ɓalle, kuma ba ta tsaya ba sai bayan la'asar.

Kawu ya san jiragen yaƙi sun yi ta wucewa ta Kano, manya sun ba shi labari, amma yana ɗauka daga Ingila suke tasowa kai tsaye. Nan na samu abin faɗa. A watan Yunin 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙi, sai tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Birtaniya. Ga sojojinta a Masar suna neman jiragen sama ido rufe, ga zagayawa ta ƙarshen Afirka ta Kudu yana cin makonni masu yawa. Dabarar da aka yi ita ce a kwance jirgin sama, a zuba shi cikin manyan akwatunan katako, jirgin ruwa ya kawo shi Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a haɗa shi a can, sannan ya tashi da fukafukansa: Legas, Kano, Maiduguri, ya ratsa Chadi, ya sauka Janaina da Fashir a Darfur, sai Hartum, ya bi kogin Nilu har Alƙahira. Tafiyar kusan mil 4,000 ce, wajen kwana shida. Ayarin farko ya tashi a watan Satumbar 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jiragen da suka bi wannan hanya sun haura 5,000. Yawanci ƙananan jiragen faɗa ne samfurin Hurricane, 'yan kaɗan a jere, suna bin babban jirgi samfurin Blenheim mai ɗauke da masanin hanya. Wanda hazo ya raba shi da jagora a tsakanin Maiduguri da Darfur, to sai wani ikon Allah.

Kawu ya yi shiru, sannan ya yi tambayar da sai soja ko direban babbar mota zai yi: "To man fa? Wa ke kai musu mai?" Ban taɓa jin ɗalibi ya tambaye ni haka ba. Zuwa Kano dai akwai jirgin ƙasa daga Legas. Maiduguri kuwa dogo bai kai ba sai 1964, saboda haka a mota ake jan gangunan. A ɓangaren Darfur har raƙuma sai da suka ɗauki fetur a garwa. Wato jirgin da zai je ya yi artabu da jiragen Rommel, kwamandan sojojin Jamus, a hamadar Libiya, ba ya isa sai leburan tashar ruwa da ma'aikacin reluwe da direba da mai raƙumi kowa ya yi nasa.

Akwai kuma siyasa a ciki. Da gwamnan Chadi, Félix Éboué, bai bi bayan Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a watan Agustan 1940 ba, da hanyar ta yanke a tsakiya. Nijar kuwa tana hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai ɗasawa da Jamus, har zuwa Nuwamban 1942. Ke nan mutumin Daura da ɗan'uwansa na Damagaram, masu cin kasuwa ɗaya, sun wayi gari a ɓangarori biyu na yaƙin da ba su san mafarinsa ba. Jamusawa ma sun san darajar hanyar, domin a watan Janairun 1942 wani jirginsu ya keto Sahara ya jefa bam a Fort Lamy, wato Njamena ta yau, ya ƙone ajiyar man da ke wurin.

Wajen azahar muka fita muka yi salla, muka zauna gun wani mai shayi. Kawu ba ya shan madara yanzu, sai baƙin shayi da citta. A nan shi ya karɓi magana, ni na koma ɗalibi.

Ya ce tsohonsu bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin garinsu ba sai da aka kai su Legas. Dagaci ne ya kawo sunansa, ba shi ya kai kansa ba. Aka loda su a cikin jirgi, can ƙasa inda babu taga, kwana da kwanaki yana amai har ya yanke ƙauna da rayuwa. Da dare ba a kunna fitila, ko taba ba a yarda mutum ya kunna a sarari ba, an ce akwai jirgin Jamus da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa yana farautarsu. Kawu ya ce suna yara sun ɗauka tsoho yana ƙara gishiri ne. Na ce masa ko kusa. A daren 30 ga Afrilu zuwa wayewar 1 ga Mayun 1943, jirgin ƙarƙashin teku guda ɗaya tak, U-515, ya nutsar da jiragen kaya bakwai daga ayari ɗaya da ya taso daga Takoradi zai je Firitawun ta Saliyo. A cikin wannan shekarar ce Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta bi teku, ta zagaya ta Afirka ta Kudu, ta sauka Bombai a Indiya. Runduna ta 82 ta bi sahu a 1944.

Kafin su ma wasu sun riga sun ɗanɗana teku. Birged ɗin Najeriya da aka kai Kenya a 1940 shi ne ya shiga Mogadishu a ƙarshen Fabrairun 1941, ya kuma kori Italiyawa a guje har Harar a ƙasar Habasha cikin kusan wata guda. Kawu ya ce wannan yaƙin mota ne, shi ya sa ya yi sauri. Na Bama yaƙin ƙafa ne.

Tsohonsu ba bindiga aka ba shi ba, gammo aka ba shi da adda. Yana cikin rukunin 'yan dako, waɗanda ke ɗaukar harsasai da sassan ƙananan igwa da rediyo da abinci a ka. Na lura Kawu ya faɗi wannan a hankali, kamar abin da ake ɗan ɓoyewa. Ni kuwa a ganina nan ne asirin rundunar ya ke. Kwarin kogin Kaladan, a yankin Arakan na ƙasar Bama, duwatsu ne masu tsayi da dajin gora, babu titi. Rundunar da ke jiran mota ba ta shiga wurin. Mutanenmu suka sare hanyar jif mai kimanin mil 75 da hannu, da adda da diga, suka shiga a farkon 1944, inda hanya ta ƙare kuma kai ya ɗauka. Abincinsu da harsasansu daga sama suke zuwa. Runduna ta 81 ita ce babbar runduna ta farko da aka ciyar da ita kacokan ta jirgin sama na tsawon watanni. Jirgin Dakota zai zo ƙasa-ƙasa ya zagaya filin da aka share, a turo kaya ta ƙofa, wasu da lema, wasu kuma kamar buhunan shinkafa haka nan ake sako su.

"Buhun nan," in ji Kawu, "tsoho ya ce ya fi tsoronsa a kan harsashin Japan. Harsashi kana jin ƙararsa ka kwanta. Buhu kuwa kana murna ga abinci, sai ya karya maka wuya." Ya ce lemar ma ba ta tashi a banza, da ita ake yin rumfa, da ita ake lulluɓa, wani lokaci da ita ake yi wa mamaci sutura. Wanda ya ji rauni ko zazzaɓi ya kayar, sai a share ɗan fili a bakin kogi, ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum ɗaya ko biyu ya sauka ya fita da shi. Cuta ta kwantar da mutane fiye da yadda bindiga ta yi: zazzaɓin cizon sauro, atuni, ga matsattsaku da ke shiga takalmi su sha jini mutum bai sani ba.

Ban bari labarin ya zama na nasara zalla ba, ko da yake Kawu ya so haka. A watan Maris na 1944 Japanawa sun kai musu farmakin ba-zata a wajen Kyauktaw, dole rundunar ta ja da baya. Sai bayan damina suka sake shiga kwarin, suka haɗu da Runduna ta 82, aka ci garin Myohaung a ƙarshen Janairun 1945. A wannan watan ne kuma sojojin Birtaniya da na Indiya suka sauka ta ruwa a tsibiran Akyab da Ramree. Abin da ake nema a tsibiran filayen jirgin sama ne, don daga can a riƙa jefa wa mayaƙan Janar Slim, kwamandan sojojin Birtaniya a Bama, kaya yayin da suke gangarawa Rangun, babban birnin Bama a lokacin, wadda aka shiga a farkon Mayu. Su kuwa bataliyoyin Najeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, tun farko an cire su daga Runduna ta 81 an ba Janar Wingate na Birtaniya, suka zama cikin mayaƙansa na musamman da ake kira Chindit. A jirgin sama aka kai su bayan layin Japanawa a 1944, suka riƙe sansanin da ake kira White City, wanda ya datse dogon jirgin ƙasa da ke kai wa abokan gaba kaya arewa. Kawu ya yi zama a barikin Chindit na Zariya da na Dalet a Kaduna, ya kuma san duk sunayen daga can aka kwaso su, har Kalapanzin na Kaduna da Myohaung na Legas.

A nan muka yi gardamar da ta sa mai shayi ya bar tukunya ya zo yana saurare. Kawu ya dage cewa sojan ƙasa ne ke cin yaƙi. Jirgin sama ya zuba wuta ya tafi, jirgin ruwa ya sauke ka ya juya, amma tuta sai mai takalmi ya kafa ta. Na ce, "Kawu, Allah ya ja kwana, a hana Dakota tashi mako ɗaya mu ga wanda zai kafa tutar." Ya ce to a hana ɗan dako ɗaukar abin da Dakotan ya jefo mu ga ko zai kai kansa bakin daga. Mai shayi ya ce shi dai yadda ya fahimta abin murhu ne, duwatsu uku, ka zare ɗaya tukunya ta kife. Kawu ya ce ya yarda, amma dutsen ƙasa ya fi girma. Na bar shi a haka, ba a kayar da tsohon soja a ranarsa.

Abin da ya rage mini a rai shi ne yadda nake koyar da wannan yaƙi. Shekara da shekaru ina rubuta Normandi da Stalingrad da Pearl Harbor a allo, yara suna haddacewa don jarrabawa, suna hamma. Ba laifinsu ba ne. Na koya musu shi kamar wasan da aka buga a wani gari muka ji sakamako a rediyo, alhali ƙasar nan an tatse ta: gyaɗa, fata, kuzar Jos da aka tilasta wa dubban talakawa haƙa bayan Japan ta kama Malaya a 1942, ga samarin da dagatai suka miƙa. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ita ke kawo wa mutane labarin fagen daga da Hausa. Sarkin Katsina Usman Nagogo har Bama ya je ya duba sojoji. Ba na cewa yaƙinmu ne, Bature ya yi shi don daularsa, ya biya baƙin soja abin da bai kai na farin soja ba, kuma Kawu ya ce har bulala ana yi musu. Tsohonsu ya dawo a 1946 da lambobi a ƙirji da tari a ƙirji, ya koma gona. Amma wanda aka ɗora wa kaya ya kai, ai da shi aka yi tafiyar.

Bayan la'asar aka sanar an soke tashin jirgin, sai gobe in hazo ya yi sauƙi. Yaya ya kira yana faɗa kamar ni na turo ƙurar. Na mayar da Kawu gida, Inna ta hana ni tafiya sai da na ci tuwo. Faretin da ya so ji ma ya wuce shi, batirin rediyon ya mutu tun muna wajen mai shayi, ya ce in sayo masa wani gobe in zan zo.

Ina da 'yan aji biyar a darasi na biyu kafin in koma filin jirgi. Zan fara musu daga Takoradi. Taswirar Afirka ɗaya ce a ɗakin malamai, ita ma ta yage tun daga tafkin Chadi har Darfur, daidai inda nake buƙata, saboda haka sai in je da wuri in zana a allo.