Godiya ga waɗanda suka riƙe hannuna a banki

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, na kammala horon sanin makamar aiki da na yi a banki a wannan dogon hutun, kuma kafin hidimar makaranta ta sake ɗauke mini hankali ina so in fito fili in gode wa waɗanda suka yi ɗawainiya da ni. Ba zan kama suna ba, tun da ban nemi izininsu ba, amma duk wanda ya karanta a cikinsu zai gane kansa.

Godiyata ta farko ga shugabar masu karɓa da biyan kuɗi a kanta ce, wadda kowa ke kira Anti. Ita ta jawo mini kujera kusa da tata, ta koya mini yadda ake murza takardar kuɗi da yatsa, a ɗaga ta a haske a duba alamar da ke ɓoye a jikinta, ko da na'ura ta riga ta ƙirga. Idan an rufe ƙofa da yamma, kowane kashiya sai ya haɗa kuɗin da ke hannunsa da abin da kwamfuta ta nuna. In suka saɓa, ko da bambancin bai taka kara ya karya ba, babu mai ɗaukar jakarsa sai an bi takardu ɗaya bayan ɗaya an gano inda gizo ke saƙar. A aji an koya mana cewa duk kuɗin da aka rubuta yana da ɓangare biyu, inda ya fito da inda ya shiga, tsarin da wani masanin lissafi mai suna Luca Pacioli ya wallafa bayaninsa a Italiya tun 1494. Na haddace shi don jarrabawa, amma a teburin Anti na ga yana aiki.

Akwai abin da ta yi wanda ba ya cikin kowane littafi. Wani dattijo da bai iya karatu ba ya zo cirar kuɗi. Ta matso da bakinta kusa da gilashi, ta rage murya, ta karanta masa abin da ya rage a asusunsa yadda na bayansa ba zai ji ba. Da ya dangwala yatsa, ta miƙa masa ƙyalle ya goge tawada, sannan ta ce, "Baba, a sa a aljihun ciki kafin a fita." Anti, Allah ya saka miki da alheri.

Ina gode wa Yallaɓai shugaban sashen gudanarwa, wanda ya fahimtar da ni dalilin da ya sa mutum ɗaya ba ya buɗe ɗakin ajiyar kuɗi shi kaɗai, da dalilin da ya sa wanda ya shigar da bayani ba shi ne zai tabbatar da shi ba. Ya ce ba zargi ba ne, kariya ce ga ma'aikaci kafin kowa. Haka ma Hajiya ta teburin buɗe asusu. Mutane kan ji haushin yawan tambayoyi, a kawo katin shaida, a faɗi sana'a, a faɗi daga ina kuɗi ke zuwa. Ita ta gaya mini cewa wannan ba son ran banki ba ne. Ƙa'ida ce da ƙasashe suka ɗauka daga shawarwari 40 na hukumar FATF, wadda aka kafa a Faris a 1989 don yaƙi da halasta kuɗin haram. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take bayyana wa mutum wannan cikin jimla biyu, har ya tashi ba tare da ya ji an wulaƙanta shi ba.

Inda na fi daɗewa kuma na fi ƙaruwa shi ne sashen rance. Oga, ban san da wane baki zan gode maka ba. Kai ka nuna mini cewa jingina ba ita ake fara dubawa ba. Ana fara duba bayanan asusun mai nema na watannin baya, a ga me ke shiga, me ke fita, ko sana'ar za ta iya biyan bashin da kanta. Ka riƙa maimaita mini cewa kuɗin da ake rantawa na masu ajiya ne, kuma suna iya zuwa neman abinsu gobe da safe. Daga bakinka na gane me ya sa bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ake sa shi cikin masu matsala, da me ya sa yarjejeniyar Basel ta 1988, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan jarin bankuna, ta nemi banki ya riƙe jarin kansa aƙalla kashi 8 cikin ɗari na kadarorinsa, bayan an auna haɗarinsu. Ka tafi da ni duba wurin wani mai neman rance, muka ƙirga kaya, muka gwada da littafinsa. Ba a amince da buƙatarsa ba, amma ka zaunar da shi ka faɗa masa abin da zai gyara kafin ya dawo. A ganina wannan zaman ya fi masa rancen amfani.

Ina faɗin duk wannan ne saboda na san ba kowane ɗalibi ke samun irin rabona ba. Wasu abokan karatuna sun ƙare hutunsu a gaban na'urar kwafar takardu da zuwa aike. Don Allah, duk wanda aka kawo wa ɗalibi ya ba shi aiki na gaske, ya tsaya a kansa, ya bar shi ya yi tambaya.

Ban manta da masu gadi da suke fara yi mini sannu da zuwa ba, da masu shara, da injiniyan kwamfuta da ya sha kira, da 'yan uwana ɗalibai da muka yi horon tare. Malamina da ya rubuta mini takardar gabatarwa kuma ya biyo sawu ya ga yadda nake, na gode ƙwarai, Malam.

Abba da Umma, ku kuka ɗauki nauyin zirga-zirgata, kuka jure dawowata a makare ranakun da lissafi ya ƙi haɗuwa. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya ba ni ikon kyautata muku. Amin.