Tsohon karen da na ɗauko daga birni

Da aka sace mini injin ban ruwa karo na biyu a lambuna da ke wajen Kura, sai wani abokina likitan dabbobi a Kano ya ce in zo in ga wani kare. Maigidansa ya tashi daga garin ya bar shi a hannunsu, wata biyar ba wanda ya waiwaye shi. Pitbul ne, wato irin karen nan mai ƙarfi da aka sani da faɗa, shekararsa tara. Na tafi da tunanin zan tarar da dodo. Ina shiga sai ga dattijo da furfura a baki, kwance kan buhu. Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kai.

Ranar da na sauke shi daga akori-kura, unguwa ta taru. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Yanzu duk karnukan garin nan ba su ishe ka ba, sai ka jajibo mana mai cin mutane?" Ban ga laifinta ba. Asalin irinsa daga Ingila ne, inda ake sa kakanninsa su kama bijimai don 'yan kallo. Da aka hana wannan wasa a 1835 sai aka koma haɗa su faɗa da junansu, kuma tun 1991 dokar ƙasar ta hana kiwonsu. Malam Liman ya ce kare don gadin shuka shari'a ba ta hana ba, amma a lambu zai zauna, ba tsakar gida ba. Haka aka yi.

Abin da ya fi ba ni aiki tsufansa ne. Haƙoransa sun cinye, ƙashi ya gagare shi, sai na koma jiƙa masa ƙanzo da romon kai da ƙafa. Gashinsa gajere ne ƙwarai, don haka da hunturu ya shigo na same shi da asuba yana karkarwa kamar ɗan tsako ya sha ruwan sama, sai da na sadaukar da tsohon bargona. Da bazara kuma haki, harshe a waje tun hantsi. Na haƙa masa ɗan rami a gindin mangwaro ina zuba ruwa, nan yake wuni. In ya tashi da safe ƙafafun baya sai sun ɗan yi gardama kafin su yarda. Kaska kuwa cikin kunne da tsakanin yatsu take ɓuya, duk Juma'a nake zama in cire masa. Allurar ciwon haukan kare, irin wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato ke yi, shekara-shekara ba na wasa da ita.

Kuskurena a mako na uku na yi shi. Ganin sanyinsa, na kwance shi da rana. Ɗan akuyar maƙwabcina ya kutso ta darni. Wallahi ban san lokacin da tsohon nan ya bar gindin mangwaro ba, ƙura kawai na gani. Ya damƙi ƙafar baya ya ƙi saki, ba haushi ba gurnani, ina tsawa kamar da dutse nake. Da ƙyar na ɓamɓare shi. Na biya kuɗin akuya, na kuma je da kaina har ƙofar gida na ce, "Kawu, a yi haƙuri, sakacina ne." Tun ranar doguwar igiya ce da rana, sai dare nake sakinsa, bayan na gyara darnin. Yara kuma ba mai matsawa kusa in yana cin abinci, har nawa.

Gadi fa? Ba ya yawan haushi, barci ya fi yi, da minshari har bakin rafi. Amma yaran gari sun baza cewa kura nake kiwo a lambu, ni kuma ban ƙaryata ba. Sabon injin yana nan inda na ajiye shi, tsohon karen na kwance ya jingina kai da tiyo saboda sanyin ruwa.